Askin Turawa Da Askin Suna

A ƙasar Ostareliya akwai wata al'ada da ake yi kowace shekara cikin watan Maris, wadda in Bahaushe ya ji labarinta da fari sai ya yi dariya. Mutum ne zai tashi ya shaida wa danginsa da abokan aikinsa cewa ran kaza zai aske kansa ƙwal-ƙwal, amma fa ba zai zauna gaban mai aski ba sai sun biya. Wannan ya ba da dala goma, wancan ya ba da hamsin, har a tara abin da ya sawwaƙa. In ranar ta zo sai a hallara a makaranta ko ofis ko wani dandali, a aske shi a bainar jama'a ana tafi ana sowa. Kuɗin kuwa ko anini ba ya shiga aljihunsa. Ana miƙa su ne ga wata ƙungiya mai suna Leukaemia Foundation, wadda aka kafa a birnin Brisbane cikin 1975 domin taimakon masu fama da sankarar jini. An soma wannan aski cikin 1998, suna kiransa World's Greatest Shave, watau askin da ya fi kowane aski girma a duniya.

Mutanen Amurka ma suna da irin nasu. Ran 17 ga watan Maris na shekarar 2000 waɗansu ma'aikatan kamfanin inshora a birnin New York suka taru da nufin su aske kawuna 17 su tara dala 17,000 domin yara masu ciwon daji. Da aka ƙidaya abin da aka samu sai aka tarar ya kai dala 104,000. Daga wannan zama ɗaya aka sami ƙungiyar St. Baldrick's, wadda take ba da kuɗi domin binciken maganin ciwon daji na yara.

Mai karatu zai so ya ji abin da ya haɗa aski da wannan ciwo. Dalili kuwa shi ne, maganin da ake ɗura wa mai sankara, wanda likitoci suke kira kemo, aikinsa shi ne kashe ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa. Ƙwayoyin sankara suna cikinsu, amma tushen gashi ma yana cikinsu, kuma magani ba ya tantance na gida da baƙo. Saboda haka mako biyu ko uku da soma shi sai gashi ya dinga zuba, har kai ya koma fayau. In an gama magani yakan sake tsirowa. To, a wurin Bature da matarsa gashi abin ado ne da ake tattali ƙwarai, zubarsa kuwa abin kunya ne da ke sa yaro ya ƙi zuwa makaranta. Wanda ya aske nasa da gangan ya rabu da abin da yake so ke nan, ya kuma zama kamar majinyacin, shi ya sa jama'a suke ganin ya cancanci a biya.

Yanzu sai mu ɗauko wannan al'ada mu kawo ta gida, mu ajiye ta a wani gari namu, alal misali Adogi, cikin Ƙaramar Hukumar Lafiya ta Jihar Nasarawa, a kan hanyar da ta tashi daga Lafiya ta nufi Shandam. A ce wani saurayi ya tsaya a kasuwa ya yi shela cewa ran Jumma'a zai yi askin tal-kwabo, kowa ya kawo gudummawa. Ko shakka babu tambayar da za a fara yi masa ita ce, to, da can wa ya hana ka? Dattijon da ke gefensa in ya cire hula kansa yana ƙyalli, ɗan makarantar allo haka, manomi haka, alhajin da ya dawo daga Makka haka. Abin da kowa yake yi duk bayan mako biyu, ya kuma biya wanzami ladansa, ba wanda zai biya ka domin ka yi shi. Ta wajen mata kuwa maganar ba ta ma taso ba. Malamai sun hana mace aske kanta in ba da larura ba, ko a aikin Hajji ɗan kaɗan take yankewa daga bakin gashinta. A wurin waɗansu ƙabilun ƙasar nan kuma, kamar Ibo, askin mace alamar takaba ne, in an gan ta da kai a aske sai a tambaya wa ya rasu. Ita ma kunyar da Turawa suke neman ɗauke wa majinyaci ba ta da nauyi haka a wurinmu, domin yaron da gashinsa ya zube bai bambanta da sa'o'insa ba, yarinya kuma tana da ɗankwali. Abin da ke damun iyayen majinyaci a garuruwanmu ya fi gashi nisa. Kuɗin mota ne, da kuɗin jini, da tsegumin maƙwabta cewa jifa aka yi wa yaron ko mayu ne suka kama shi.

Sai dai kada wannan ya sa mu watsar da maganar, domin ciwon da ake yi wa askin yana nan tare da mu, har ma wani nau'insa ya fi yawa a wurinmu bisa ga ƙasashen Turai. Jini a cikin ɓargo ake yin sa, iri uku: jajayen ƙwayoyi masu kai iska ga sassan jiki, da farare masu yaƙi da cuta, da waɗansu 'yan ƙanana masu sa jini ya daskare in an ji rauni. Idan farare suka lalace suka shiga hayayyafa ba kan gado, sai su cika ɓargo su hana sauran wurin zama. Wannan ita ce sankarar da ake kira lukimiya. Yaro sai ya yi fari fat, ya riƙa gajiya, zazzaɓi ya ƙi jin magani, dasashi ya dinga jini, haɓo ya yawaita, ƙasusuwa su yi ta ciwo, saifa ta kumbura. Duk wanda ya san ƙauye ya san cewa kowace ɗaya daga cikin alamun nan tana da sunan da aka riga aka ba ta. Wannan zazzaɓin cizon sauro ne, wancan shawara ce, wancan amosanin jini ne. Kafin a gane gaskiya an ɓata wata uku ana sayen ƙwayoyi a kemis.

Akwai kuma wadda take kama kaluluwa, ita ce limfoma. Cikin 1958 wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt, wanda yake aiki a asibitin Mulago na birnin Kampala a ƙasar Yuganda, ya buga bayanin wani kumburi da yake gani a muƙamuƙin yara, wanda yake girgiza haƙora ya karkatar da fuska. Da ya bi sawun ciwon sai ya tarar yana bin yankunan Afirka masu zafi da ruwan sama, watau inda sauro ya yi katutu. Cikin 1964 aka gano ƙwayar cutar da ake kira Epstein-Barr a cikin irin wannan kumburi, daga baya aka fahimci cewa ita da zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa su ne suke haɗa kai su buɗe wa ciwon ƙofa. Ƙasar da ke tsakanin Lafiya da kogin Binuwai kuwa ba a yi mata gorin sauro. Wannan kumburi yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma abin mamaki yana cikin ciwace-ciwacen dajin da suka fi saurin jin magani. A nan Nijeriya aka yi wani sashe na aikin da ya tabbatar da haka, a asibitin koyarwa na Badun, inda Farfesa Victor Ngu, mutumin Kamaru, ya yi ta warkar da yara da allura, har aka ba shi lambar yabo ta Lasker a Amurka cikin 1972 tare da shi Burkitt da waɗansu.

Ashe ke nan magani akwai shi, kuma ba jiya aka same shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 na yara masu ciwon daji suna warkewa, a yawancin ƙasashe matalauta kuwa ba su kai 30 cikin 100 ba. Cikin 2018 ta sa wa duniya burin a kai 60 cikin 100 kafin 2030. Tazarar nan ba ta ilmin likita kaɗai ba ce. Yawancinta a hanya take, tsakanin ƙofar gida da gadon asibiti.

Bari mu bi wannan hanya tare da manomin Adogi, wanda dukiyarsa ita ce doya da riɗi da 'yar shinkafar fadama. Zai fara da ƙaramin asibitin garinsu, daga nan a tura shi Lafiya, asibitin da jama'a suka sani da sunan Dalhatu Araf. In abin ya buƙaci a huda ƙashi a ɗebi ɓargo a auna, ko a kwantar da yaro a soma ɗura masa magani, mai yiwuwa a ce sai Keffi, ko Jos, ko Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Maganin lukimiyar yara ba na mako guda ba ne, yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku, ana zuwa ana komowa. Kowace tafiya akwai kuɗin motar mutum biyu, akwai abinci, akwai wurin kwanan mai jinya, wanda galibi barandar asibiti ce. Gona kuwa ba ta jiran kowa. Sai a sayar da riɗin bana, a sayar da akuya, a jinginar da gona. Ran da yaro ya ɗan ji sauƙi ya soma wasa, uban ya duba aljihu ya ga wayam, sai ya ce Alhamdu lillahi ya warke, a koma gida. Bayan 'yan watanni ciwon ya dawo, kuma in ya dawo ya fi na farko taurin kai. Likitoci sun san wannan sarai, yanke magani a tsakiya yana cikin manyan dalilan da ke kashe yaran nan a ƙasashenmu.

Ga wani misali da ke nuna cewa ko da an ba da magani kyauta hanya tana iya cinye mutum. Akwai wata lukimiya ta manya mai tafiya sannu a hankali, wadda aka samo mata ƙwaya mai suna Glivec cikin 2001, in ana sha kullum sai mutum ya yi shekaru yana harkokinsa. Tun 2003 aka soma raba ta kyauta a Nijeriya, a asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Shekara da shekaru majinyata daga kowace kusurwa ta ƙasar nan can suke zuwa karɓa. Mutumin Lafiya kuwa kafin ya isa Ife ya yi tafiyar yini guda cur. Haka nan asusun da Gwamnatin Tarayya ta buɗe cikin 2021 domin matalauta masu ciwon daji, da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza ya fara, ta jini ba ta cikin jerin farko.

Abin da ya fi burge ni game da ƙungiyar nan ta Ostareliya shi ne inda take kai kuɗin askin. Ƙasarsu faɗi gare ta, manoma da makiyayansu suna nesa da manyan asibitoci kamar namu. Saboda haka ƙungiyar ta tanadi gidaje kusa da asibitocin birane inda majinyacin ƙauye da iyalinsa za su sauka kyauta har a gama magani, tana kuma taimaka musu da abin hawa. Wannan shi ne abin koyi. Askin dabara ce kawai ta sa hannu ya shiga aljihu.

Mu kuwa muna da namu askin da aka haɗa da sadaka tun kafin a san akwai wata ƙasa wai ita Ostareliya. Ran suna, kwana bakwai da haihuwa, bayan an raɗa wa jariri suna an yanka rago, wanzami yakan zauna ya buɗe zabira ya yi askin suna. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san cewa a babin da ya yi maganar yankan suna an so a auna gashin da aka aske, a yi sadaka da zinariya ko azurfa daidai nauyinsa. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuma an ruwaito cewa Nana Faɗima ta yi haka da gashin Hasan da Husaini. To, ina wannan sadaka take a yau? Rago ana yanka shi ko da bashi ne, goro da alewa ana rabawa, maroƙa suna samun nasu, mata suna yin anko. Amma a gidaje da yawa gashin sai a tattara a binne, ba wanda ya tuna da awo. Inda aka tuna kuma sai a miƙa wa almajirin da ya fara leƙowa ɗan canji, shi ke nan.

Gashin jariri ba shi da wani nauyi, bai fi giram ɗaya ko biyu ba, kuɗin azurfarsa kuwa bai kai na ƙwaryar goron da ake rabawa ba. Sai dai haihuwa ba ta yankewa. A ce gari yana yin suna goma a mako, kowane mai jego namiji ya sa Naira 1,000 a wuri guda da sunan sadakar aski, a shekara an tara Naira 520,000. Wannan ba zai sayi maganin shekara uku ba, kuma bai kamata a ruɗi kowa a ce zai saya ba. Amma zai biya kuɗin awon jini na yaron da aka yi wa zato, zai kai uwa da ɗanta Abuja su komo sau da dama, zai hana a yanke magani saboda rashin kuɗin mota. Sadaka dai ta matalauci ce, ban kuwa san matalaucin da ya fi uban da ya sayar da gonarsa a kan jinya ba. Yadda za a tsara abin ya dace da shari'a aikin limamai ne, su ne suke zaune a kan tabarma ran kowane suna. Garuruwan Lafiya kuma ba na Musulmi kaɗai ba ne, ciwon ma ba ya tambayar addini, saboda haka maƙwabtanmu Kirista da suke kai jariri coci domin godiya suna da tasu ƙofar da za su shigo ta cikinta.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiya: wa zai riƙe kuɗin? Mun sha ganin an kafa gidauniya, an tara manyan baƙi, mai gabatarwa yana ta kiran dubbai da miliyoyi a lasifika, bayan an watse a nemi rabin alkawarin a rasa, rabin da aka samu kuma a nemi inda ya shiga a rasa. Turawan nan ba don sun fi mu tausayi suke samun kuɗi ba, sai don kowace shekara ƙungiyoyinsu suna buga lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita. A gari kamar Adogi ba a bukatar akanta daga birni. Littafi guda ya isa, da mutum uku waɗanda ba dangin juna ba, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata, kuɗi kuma kada a ba kowa a hannu, a biya direba da asibiti kai tsaye.

Sauran magana tana kan mai askar kansa. Wanzami ba aski kaɗai yake yi ba. Shi ne mai ƙaho, shi ne mai tsaga da sakiya, shi ne mai cire beli, kuma sau da yawa shi ne yake fara ganin majinyaci kafin malamin asibiti ya gan shi. A nan ne hatsarin yake. Yaron da jininsa ya riga ya ƙare, in aka kafa masa ƙaho an ƙara masa ciwo ne. Wanda ƙwayoyin daskarar da jininsa suka yi ƙaranci, tsaga guda tana iya zama ajalinsa, domin jinin ba zai tsaya ba. Kumburin muƙamuƙi irin na Burkitt kuwa ba ƙurji ba ne, ba shi da mugunya da za a sake, kuma cire haƙorin da ke girgiɗa ba ya rage shi. Ba ina cewa wanzamai mugunta suke yi ba, abin da suka gada suke yi, kuma jama'a sun amince da su fiye da yadda suka amince da mu 'yan boko. Wannan amincewa ita ce ya kamata a ci moriyarta. An gwada irin haka a Jihar Sakkwato, inda aka koya wa wanzamai su riƙa tura jariran da suka yi wa askin suna zuwa wurin allurar rigakafi, aka kuma buga rahoton gwajin cikin 2020. In wanzami zai iya tura lafiyayyen jariri asibiti, zai iya tura yaron da ya ga dasashinsa yana jini, ko kaluluwa ta fito masa a wuya da hammata ba ta ciwo ba ta kuma bajewa, ko muƙamuƙinsa ya tashi cikin 'yan kwanaki. Abin da ake bukata shi ne Ma'aikatar Lafiya ta Jiha ta zauna da Sarkin Aska na kowace gunduma yini guda, a nuna musu hotuna, a ce in kun ga wannan ku mai da aska zabira, ku ce a je a ƙidaya ƙwayoyin jini. Awo ne da ake yi a Lafiya, ba sai an je Abuja ba.

Samarin da suke sha'awar su yi abin da za a gani a yaba, kamar yadda takwarorinsu na Turai suke yi da gashi, suna da abin bayarwa wanda ya fi gashi tsada. Mai sankarar jini yana shan ƙarin jini fiye da yawancin majinyata, ciwon yana cinye jininsa, maganin ma yana cinyewa. Hukumar kula da jini ta ƙasa, wadda aka kafa da doka cikin 2021, ta sha faɗin cewa abin da ake samu a shekara bai kai rabin abin da ake bukata ba. Shi ya sa in an kwantar da yaro sai a ce wa uban ya nemo masu ba da jini, shi kuwa baƙo ne a garin, bai san kowa ba sai 'yan sayar da jini da ke rakuɓe a bakin ƙofa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, lafiyayyen namiji yana iya bayarwa duk bayan wata uku, jiki kuma yana mayar da gurbinsa. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa guda ta Adogi, in 'yan wasanta suka je aka auna rukunin jininsu aka rubuta sunayensu a littafin nan na gidauniya, ran da aka bugo waya daga Lafiya ana neman leda biyu, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.